Idon Kawu Illi

Jaka ɗaya, kwalin littattafai, rigar sanyi, takardar digiri da rubutun Farisanci. Iyakar abin da Isma'ila ya dawo da shi ke nan daga Shiraz. Yana zaune a motar Kawu Illi, sun wuce mararrabar Imouraren, hanya duk ramuka.

"To, malamin Farisa, me ka karanto mana?" in ji Kawu.

Isma'ila ya taƙaita masa. Sarakunan Farisa na dā ba sa barin lardi a hannun mutum ɗaya. Gwamna na mulki, amma sojojin da ke tsaron birni suna hannun wani kwamanda dabam. Akwai kuma wanda ake kira idon sarki, aikinsa ya duba su duka ya kai labari fada.

"Waɗannan sun san halin ɗan Adam," in ji Kawu. "Ni ma ina da gwamna a Arlit, yayanka Lawan. Kamiyona na ɗaukar kaya duk suna hannunsa, man gazuwal kuma sai ƙafewa yake. Su wa suke naɗawa ido?"

"Wanda sarki ya yarda da shi."

"Ni wanda Lawan ya yarda da shi nake so."

Isma'ila ya juya yana kallon duwatsu.

Lawan ne ya riƙe shi tun rasuwar babansu. Ya tarbe shi a gareji, ya rungume shi, yana ta tsiya wai sanyi ya tsotse shi. Suna shan shayin la'asar Isma'ila ya faɗa masa komai game da aikin ido da Kawu ya yi masa tayi.

"Karɓa," in ji Lawan. "Ina wani aikin a garin nan?"

Ba su gama kofin farko ba sai ga direbobi da jarkoki. Suka ga baƙo, suka tsaya. Lawan ya dubi ƙanensa, sannan ya jefa musu makullin tanki.

"Tun da aikin ma'adinai ya tsaya, da wannan matansu ke ɗora tukunya. Kawu bai tambaya ba, ni ban faɗa ba," in ji Lawan.

Isma'ila ya zauna yana kallon tiyo har jarka ta ƙarshe ta cika. Ya jira ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Ya ɗauki jakarsa zuwa ɗakin da aka share masa, Lawan na biye.

"Ka gani?"

"Na gani, Yaya."

"To?"

Isma'ila ya shiga, ya tura ƙofa ta rufu. Daga ciki ya ce, "Ka nemi Kawu kafin Juma'a. Ranar zan faɗa masa."