Daron da Adama ta Kai Asibiti

Tun da likita ta tabbatar wa Adama mai ƙuli-ƙuli cewa ciwon daji ne a mamanta, ɗakinta na Zango ya koma kamar rumfar mai magani. Kowane ɗan dubiya da ƙullinsa: zuma, sassaƙe, ruwan rubutu, har da fitsarin raƙumi da maƙwabciyarta ta sa aka kawo daga Nijar. Takan yi godiya, ta sha abin da cikinta ya ɗauka.

Badaru, yayan marigayi mijinta, shi ya fi matsa mata. Ya kawo ƙwayoyin ƙara ƙarfin jiki da yake sayarwa a kasuwar Daura, ya ce sharaɗinsu a bar ƙarin ruwan maganin daji da ake mata a asibitin Katsina.

"Dubi yadda ya zubar miki da gashi. Zuwa Katsina ya ƙare, na yanke."

"Na ji, Yaya," ta ce.

Ranar komawarta asibiti ta kwashe komai a daro, ta ɗora a ka, sai tasha. A Katsina ta dire shi gaban likita.

"Ga abin da nake sha a ɓoye. Ɓoyon ya ishe ni. Ware mini wanda zai yi faɗa da naku."

Likitar ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce gwaji ya nuna hantarta ta fara galabaita. "Da so samu ne, Mama, ki bar su duka."

"Zuma da rubutu suna nan daram. Sauran na haƙura."

Likitar ta gyaɗa kai.

Da Adama ta dawo, ta tarar da Badaru a ƙofar gida cikin dattawa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye ƙwayoyinsa a gefen tabarma.

"In ta ɓaci, kada a ce ban faɗa ba," in ji shi.

"Rai ba a hannunka yake ba, Yaya, ba kuma a hannun likita ba. Ni ke kwana da ciwon, ni zan zaɓi abin da zai shiga cikina."

Badaru ya daina amsa gaisuwarta. Ita kuwa ba ta fasa zuwa asibiti ko sau ɗaya ba. Da damina ta faɗi aka yi mata aiki, aka cire maman. Hannun hagunta bai ƙara ɗaguwa sosai ba, sai ta koyi matsar man gyaɗa da na dama, kafin kaka ta koma bakin kasko.