Yatsu Uku da Allura

Murjanatu matar Sa'idu ce, wani manomin albasa a Birnin Malam. Tun tana budurwa aka san ta da ɗinkin hannu. Sauran mata sukan kwaikwayi zanen da suka gani a kayan da ake kawowa daga birni, ita kuwa abin da idonta ya gani a fadama shi take ɗorawa a ƙyalle: furen bado a kan ruwa, balbela tsaye a bayan saniya, zangarniyar gero da tsuntsu ya ci gefe ɗaya. Har daga Maiyama mata kan aiko mata da farin yadi, su ce ta yi musu zanen gado, ta sa duk abin da ta ga dama. 'Ya'yanta huɗu duk sun yi aure, daga ita sai mijin a gida. Ba masu hali ba ne, amma tuwo bai taɓa yankewa ba, ita kuma in ta samu inuwar darbejiyar tsakar gida da allura a hannu, ba ta neman ƙari.

Wata ranar kasuwar Jega, cikin bazara, zare ya ƙare mata tana tsakiyar aiki. Sa'idu ya ce zai sayo mata, ta ce a'a, duk lokacin da ta aike shi kore sai ya kawo mata wani koren daban. Ta ɗauki mayafi ta hau bayan babur ɗinsa.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Wani maraƙi ya fito daga garke a guje ya tsallako titi. Sa'idu ya taka birki, babur ya zame a kan yashi, suka faɗi. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa kawai. Ita kuwa hannunta na dama ya shiga ƙarƙashin babur, tayar baya tana juyawa ta kama mata yatsu.

Mutanen da suka taru suka ce a wuce da ita Aliero wurin masu ɗori. Aka sa ta a keke mai ƙafa uku, Sa'idu ya rungume hannun a cikin rawaninsa. Gidan wani dattijo aka kai su, Malam Attahiru, wanda ya gaji ɗori daga mahaifinsa. Ya gyara ƙashin damtsen da ya karye, ya ɗaure da karare, ya wanke yatsun ya ce su zauna a ga abin da Allah zai yi.

Kwana uku suka yi a gidan. A rana ta uku Malam Attahiru ya kwance tsumman da ke yatsun, ya daɗe yana dubawa. Manuniya da ta tsakiya sun yi baƙi, sun yi sanyi. Ya ɗauki tsinke ya soka a kan manuniyar.

"Kin ji?"

"Ban ji ba, Malam."

Ya mayar da tsumman a hankali, ya juya wurin Sa'idu. "Ƙashin zai kama, in Allah ya so. Amma wanga na yatsu ba aikina ba na. Ku tahi asibiti yau, kada ku kwana."

Murjanatu ta ce, "Malam, ka ƙara gwadawa. An ce babu abin da ke gagarar gidanga."

"Wanda ya hwaɗi miki haka bai hwaɗi gaskiya ba, baiwar Allah. In na riƙe ki nan, hannun duka za ki rasa."

A asibitin Birnin Kebbi likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce yatsu biyun sun riga sun mutu, dole a cire su, in an jinkirta ruɓewar za ta haura. Ya ce babban yatsa ma sai an shiga tiyata za a san ko zai tsira. Aka kawo takardar amincewa don ta dangwala hannu, Murjanatu ta ɓoye hannun hagunta a cikin mayafi ta juya fuska bango.

Sa'idu ya durƙusa gaban gadon. "Murja, don Allah."

"Ka maida ni gida. In mutuwa ta, in mutu da hannuna."

"Ba ni iya maida ki."

"Da mi zan riƙe allura? Ka hwaɗa min, da mi?"

Sa'idu ya miƙe. Ya fita ya kira babbar 'yarsu Iklima, wadda ke aure a Maiyama, ta baro yaranta ta taho. Iklima ba ta lallashi uwarta ba. Ta zauna bakin gadon ta ce, "Inna, ni ban damu da zanen gado ba. In kin ƙi, zan zauna nan in kalli yadda za ki mutu, sannan in koma in hwaɗa wa jikokinki don yatsu biyu kika bar su." Murjanatu ta yi kuka har muryarta ta dishe, sannan ta miƙo hannun hagu.

An cire biyun. Babban yatsa ya tsira, amma ya sandare, da ƙyar yake lanƙwasa.

Da aka sallame ta suka koma Birnin Malam, mata suka yi ta zuwa gaishe ta. Kowacce ta ce an gode Allah da ya tsaya nan, ita ma ta ce an gode Allah, amma a baki kawai. Bayan sati biyu waɗanda suka ba ta yadi suka fara aikowa a karɓa, cikin kunya, da uzuri iri-iri. Ba ta ga laifinsu ba. Ta sa Iklima ta tattara zare da allurai a cikin kwalla ta tura ƙarƙashin gado, ta ce kada ta sake ganinsu.

Da Iklima ta koma gidanta, gidan ya yi shiru. Murjanatu ta daina zama gindin darbejiya. Tana ɗaki, hannun a lulluɓe, ko ita ba ta son ganinsa. Tuƙa tuwo ya gagare ta, sai maƙwabciya ke taimakawa. Wani lokaci takan ji ƙaiƙayi a kan manuniyar da babu ita, ta kai hannu za ta sosa ta tarar da iska. Ta rame har zobenta na hagu yana faɗuwa. Sa'idu in ya yi mata magana takan amsa da kalma ɗaya. Ba wai ta ɗora masa laifi ba ne, ita dai ba ta da abin cewa ga kowa.

Damina ta faɗi, aka shiga shuka. Wata rana da hantsi ta fito alwala, ta ga babur ɗin jingine a bayan rumbu, kaji sun yi masa kashi, tayoyin sun sace. Sai a lokacin ta lura tun da suka dawo ba ta ji ƙararsa ba. Gonar geronsu tafiyar fiye da awa ɗaya ce, kuma Sa'idu ya haura sittin. Da ya dawo da la'asar ta dube shi da kyau, karo na farko cikin watanni. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama kamar na zakara.

"Malam, a ƙasa kake zuwa gona?"

Ya ce eh.

"Don mi?"

Ya zauna a kan turmi. "Na gan shi, Murja. Na ga maraƙin tun daga nesa. Na ɗauka zai tsaya, ban rage gudu ba. Ni na yanke miki hannu." Ya rufe fuska da hularsa yana kuka. Shekara talatin da biyu suna tare, ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu ba ta ga hawayensa ba.

Ta tsaya a kansa, ba ta san abin da za ta yi ba. Can ta fitar da hannun daga cikin zane ta ɗora masa a kafaɗa, haka nan a buɗe.

"Ni na ce sai na bi ka. In za mu yi ta lissafin wa ya ja, ba mu gamawa. Tashi ka ci abinci."

Washegari ta ce zai tafi da ita gona. Suka tafi a ƙasa, suna tsayawa tana hutawa. Ta zauna gindin wata tsamiya yana noma. Gefen gonar akwai ɗan tafki da ruwan sama ya tara, wani zalɓe yana tsaye a ciki da ƙafa ɗaya, bai motsa ba har rana ta take. Ta yi ta kallonsa, yadda wuyansa ya lanƙwashe, yadda tokar bayansa ta bambanta da ta cikinsa. Ta tsinci kanta tana tunanin wane zare zai yi wannan launi. Da ta gane abin da take yi sai ta fashe da kuka, ita kaɗai, don kada ya ji ta cusa mayafi a baki.

Da suka dawo gida ta jawo kwallar. Ta gwada riƙe allura tsakanin babban yatsa da na zobe, allurar ta faɗi. Ta gwada da hagu, ta soki kanta sau uku. Zura zare kuwa ya gagara gaba ɗaya. Ta yi jifa da ƙyallen, ta zauna tana huci. Sa'idu ya ɗauko ya karkaɗe, ya laso bakin zaren, ya yi ta fama da idonsa da ba ya gani sosai har ya shiga. Daga ranar, kullum kafin ya fita gona yakan zura mata allura shida ya soke su a jikin matashi.

Bai zo da sauƙi ba. Sau da yawa takan warware aikin kwana biyu. Akwai ranakun da hannun ke yin tsami ta kasa taɓa komai, ta koma ɗaki ta kwanta ta ce ta bari ke nan har abada. Bayan kwana uku a sake ganinta gindin darbejiya. Abin da a da take gamawa cikin sati, yanzu ya ci mata damina guda, kuma ba zanen gado ba ne, rigar matashi ce guda ɗaya.

Lokacin girbi Iklima ta zo da ƙaramar 'yarta a goye. Murjanatu ta miƙa mata ƙyallen. Zalɓe ne a cikin ruwa. Ɗinkin ba shi da laushin na da, wani wuri zaren ya yi tsalle, ƙafar ta ɗan karkace.

"Inna, ke kika yi?"

"Ni da babanki. Na san bai yi kyau ba. Babu mai kawo min yadi kuma, na sani."

Iklima ta ce wa ya ce bai yi kyau ba. Murjanatu ta ce ta bar wannan, ai ita ma tana da ido. Ta karɓi jikar ta ɗora a cinya, yarinyar ta kama babban yatsan da ya sandare tana ƙoƙarin kai shi baki.

"Da ina cewa an gode Allah don mutane su ji," in ji Murjanatu. "Yanzu in na tashi da sahe na ga gero a rumbu, na ga babanki shina lasar zare, na ga wanga yatsa da anka bar min, ina hwaɗi ko babu kowa. Wata rana kuma ban iyawa, sai in yi shiru."

Iklima ta ninke rigar matashin ta sa a jakarta. Sannan ta tashi ta hura wuta, uwar ta zauna kusa da murhu tana gaya mata yawan garin da za ta zuba.