Luba Ta Ƙi Buɗe Shingen

Luba ce ta haɗa wa ƙungiyar masu takalma ta Ƙofar Wambai mataimakin AI da ke amsa saƙonnin masu saye. Ta killace shi cikin kwantena, wani ɗan akurki a cikin kwamfuta. Yana ganin takalma da lambobinsu, amma hannunsa ba ya kaiwa ga sauran abin da ke wayar ƙungiya.

Sai dai masu sayen ba rubutu suke yi ba, murya suke turowa, shi kuwa mataimakin kurma ne.

Ranar Laraba bayan azahar, Alhaji Salihu, shugaban ƙungiyar, ya hau benen da take aiki. Mikail, abokin aikinta, yana biye da shi yana murmushi.

"Malama Luba, an samu mafita," in ji Alhaji. "Gaya mata."

Mikail ya ce ya tsinci wani fulogin, wato ɗan ƙarin manhaja, a intanet mai mayar da murya rubutu. Sharaɗinsa ɗaya: a cire shingen kwantenar, a ba shi damar shiga wayar gaba ɗaya.

"Ina yake kai muryoyin?" Luba ta tambaya.

"Sabarsu mana, babbar kwamfutarsu."

"Su wa?"

Mikail ya sosa ƙeya.

Luba ta san muryoyin nan. Yawanci matan aure ne masu saro takalma suna sayarwa a cikin gida. Wata za ta faɗi lambar takalmi, ta haɗa da kwatancen gidanta da lokacin da maigidan ke fita.

"Alhaji, ba zan buɗe ba," ta ce. "Zan samo fulogin da ke aiki ba tare da ya fita waje ba, in gina shi cikin sabon imej, wato samfurin da ake tayar da kwantenar da shi. In na gwada na gamsu, sai mu ɗora."

"Yaushe?"

"Sai mako mai zuwa."

"Gobe zan nuna wa 'yan ƙungiya mataimakin a taro! Ke fa aiki muka ba ki, ba wa'azi ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma shingen nan ni na kafa shi, kuma ba da hannuna za a cire shi ba."

Alhaji ya dubi Mikail. "Kai ba za ka iya ba?"

"Makullin sabarmu yana wurinta."

"Na ƙungiya ne," in ji Luba. "In kuna so, gobe a gaban kowa zan miƙa shi, bayan na faɗa musu inda muryoyin matan za su tafi."

Alhaji ya kaɗa riga ya sauka, ko sallama babu.

Washegari ba a kira ta taron ba, ba a kuma nemi makullin ba. Ta ci gaba da aikinta. Imej na farko ya ƙi tashi. Na biyu ya tashi, amma da aka ce masa "arba'in da biyu" sai ya rubuta "albasa biyu". Ta tara ƙannenta da gwaggonta Dije suka yi ta karanta mata lambobi, tana gyarawa.

Ranar Talata ta ɗora sabon imej. Saƙon farko daga Gwale ya zo, wata mata tana neman silifas ja, ana jin kukan jariri a bayanta. Mataimakin ya fahimce ta, ya amsa.

Alhaji Salihu ya ɗauki makonni yana amsa gaisuwarta da ka kawai. Mikail kuwa ya nemi ta nuna masa yadda ta shirya imej ɗin, ta jawo masa kujera.