Reshen da Mai Walda Ya Sare

Adda na hannun Mai Walda 'yar tsohon ta leƙo ta taga.

"Kawu, Baba ya ce ka kawo ganyen abin da ka sare."

Tsohon maƙwabcinsa ne, Baba Mai Lemo. Tunda ciwo ya kwantar da shi bishiyar tsakar gidansa ta rabu biyu: reshe ɗaya kore shar, duk ƙaya, ɗayan ya ƙanjame. Ya aika a rage mata wanda ke cinye ta. Mai Walda ya duba, ya sare ƙanjamammen.

Ɗakin na warin man zafi. Tsohon ya murza ganyen, ya kai hanci, ya daɗe bai sauke hannu ba.

"Kai ɗan nan, ka kashe mai gida ka bar ɓarawo."

Mai ƙayar lemon tsami ne, gindin da aka yi wa aure, aka dasa masa wani lemon a jiki. Wanda aka sare shi ne lemon tsohon. A gonar da tsohon ya yi aiki lemon ya tsiro da kansa, tsakanin bishiyar tanjarin da ta babban lemo garehul. Yana da ɗan wuya kamar gora, ɓawonsa na saɓulewa da yatsa, ruwansa har gwiwar hannu, ba ɗaci. Gonar ta zama gidaje. Wannan reshen kaɗai ya rage.

"To a shuka ƙwallon mana, Baba," in ji 'yar.

"Ba ya gado. Miƙo reza."

Ta miƙa, rezar ta faɗi daga yatsunsa. Ya kalli hannun kamar na wani.

"Kai za ka yi. Ciro ido ɗaya daga reshen, wurin da toho ke fita, kafin ya sha iska. Tsaga ɓawon mai ƙayar, ka cusa." Numfashi ya sarƙe shi. "A hankali. Ba ƙofar gareji ba ce."

"Baba, ni ƙarfe na sani."

"Na gani ai."

Mai Walda ya fita, ya durƙusa. Idon farko ya dagargaje a yatsunsa. Na biyu ya shiga. Ya yago leda da haƙori.

"Baba! Daga sama zan fara ɗaurewa ko daga ƙasa?"

Fankar ɗakin kaɗai ke ƙara.

"Baba?"

Sai fankar ta tsaya. Ya ji 'yar tana salati ƙasa-ƙasa, cikin kuka.

Bai tashi ba. Babban yatsansa na danne da idon, ledar na lilo a bakinsa.