Inda Aka Ajiye Crispin

Kyandir ya suɓuce daga hannun Meding tun a bakin ƙofar coci. An cire daɓen. Daga ƙofa har bagade sabon siminti ne sumul, ko suna ɗaya babu.

Tun zamanin Turawan Sifen ake tono ƙasusuwan mutanen garin daga maƙabarta a ajiye su ƙarƙashin daɓen nan, kowa da dutsensa da sunansa. Mijinta Crispin ma nan yake. 'Yar kwanciyar da ta yi a asibiti kawai, shi ne aka yi wannan aiki!

Ta fita ta ƙofar gefe zuwa farfajiyar tsohon gidan sistocin coci. Ga duwatsun can an jibge su jikin bango kamar farantai, Tibo magini yana zaune kan ɗaya yana cin shinkafa da busasshen kifi.

"Tibo! Tashi daga kan mutane!"

"Haba Manang Meding, mutanen suna ciki, ba mu taɓa kowa ba. Girgizar ƙasa ce ta tsattsaga daɓen, Fada limamin cocin ya ce a gyara. Gobe za mu mayar da duwatsun."

"Ku mayar ina? Kun sa alamar inda kowa yake?"

Tibo ya daina tauna. Ya dubi abokan aikinsa, su kuma suka dubi ƙasa.

Ta koma cikin cocin. An kwashe bencuna, an sauke siffofin waliyyai. Shekara da shekaru tana durƙusawa a gaban Crispin, ashe dutsen ta sani, ba ta san wurin ba. Gindin ginshiƙi ne, amma wanne? Duk kamarsu ɗaya.

Can ta hango Felisa mai sayar da kifi a durƙushe gindin wani ginshiƙi. Ba sa magana tun da aladen Felisa ya ɓarnata mata lambu, amma dutsen uwar Felisa ne ke maƙwabtaka da na Crispin.

"Nan ne?" in ji Meding.

"Au, yau kina da baki?"

"Felisa, don Allah. Kin tabbata?"

Felisa ta ɗago, idanunta jajur. "Ina fa na tabbata? Tun safe ke nake jira ki nuna mini."

Meding ta dubi simintin. Sannan ta tattare siket ɗinta.

"Matsa mini," ta ce. "In mu biyu muka ce nan ne, nan Tibo zai sa."