Mai Amsa Na Bakwai

Tayar baya ta faɗa kwatar da ke tsakanin gidana da gidan Farfesa, direba yana ta taka totur, laka na feshi har jikin katangata. Ni da wasu mutum uku muka naɗe hannun riga muka tura. Farfesa Abdulmutalib yana kwance a kujerar baya. An sallamo shi daga asibiti a Kano, irin sallamar da likita ke yi idan ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Da motar ta fito ya ɗago mini hannu ta gilashi kamar wani gwamna. Na dubi rigata ta Juma'a da ta ɓaci, na ce a raina, to Lado, har yau ni ke turawa kai ke ciki.

Lado nake kiransa, kuma ni kaɗai na rage a Karaye mai kiransa haka. Benci ɗaya muka zauna a firamare. A lissafi ni ke zuwa na ɗaya, shi kuwa ranar da ya yi na biyar har alewa babarsa ta raba. Amma ni kwalejin horon malamai na tafi, na dawo na shekara talatin da biyar ina shaƙar alli tsakanin Yammedi da Kurugu. Shi ya wuce jami'a ya karanta akanta, ya haye Ingila, ya dawo Dakta, ya zama Farfesa. Da ya tashi gina gidan ritaya, duk faɗin Karaye bai ga fili ba sai na jikin katangata, benensa ya tare mini hantsi. Ba zan ɓoye ba, na yi ƙyashinsa shekara da shekaru, ina gaishe shi da fara'a abin yana cina.

Amma ba benen ne ya fi tsaya mini a rai ba. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce ya zo da rakoda, wai yana bincike a kan yadda masu riƙe da dukiyar jama'a ke yi wa jama'a bayani. Takin zamani ya ɗauka misali, yadda buhu ɗari zai taso ya iso hannun ƙungiyar manoma yana talatin. Lokacin ni ne magatakardan ƙungiyarmu. A bayan babur ɗina ya zaga Karaye da Rogo har Jajaye, kuma albarkacin fuskata mutane suka buɗe baki. Mutum arba'in da ɗaya ya yi hira da su, ya yi wa kowa alkawarin ba za a ga sunansa a littafi ba, lamba za a ba shi. Ni ne na bakwai. A gindin wata ɗorawa na ce masa, lissafin da ba a karanta shi a gaban masu dukiya ba, ba lissafi ba ne, rubutu ne kawai.

Wannan magana ita ta ɗaga Lado. Da ita ya buɗe littafinsa, ita ya yi ta kaiwa taro a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, ɗalibansa suka haddace ta. Wata rana na ji shi a rediyo yana cewa, "kamar yadda wani manomi ya taɓa gaya mini." Wani manomi, ni da na koya wa rabin garin nan karatu. Saude, matata, ta ce ai kuwa Malam kana noma. Ranar ban ci tuwonta ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sau biyu na yi masa maganar cikin wasa, sau biyu ya mai da ita wasa. Shi ya sa da na ga yadda aka shiga da shi gida a ranar, abin da ya fara zuwa raina, Allah Ya yafe mini, shi ne mutumin nan zai tafi bai gaya wa duniya ko wane ne na bakwai ba.

Kwana huɗu da dawowarsa 'yarsa Bahijja ta yi sallama bayan la'asar, ta ce Baba na nemana idan ba ni da uzuri. A falon ƙasa na same shi, don hawa benen ya gagare shi. An jera kwalayen littattafai a jikin bango, ɗakin yana warin man zafi. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Muka gaisa, na yi masa ya jiki, ya tambayi Saude da damina. Sannan ya sallami Bahijja, ya zaro wani ambulan mai ruwan ƙasa daga ƙarƙashin matashinsa.

"Shitu, sunayen mutanenmu ne, kowa da lambarsa. Kaset-kaset ɗin na ƙone tun tuni, wannan ce na kasa. Idan na mutu ɗalibaina za su zo su kwashe takarduna su kai laburare. Ba na so su same ta. Ka ƙone mini ita."

Na dubi ambulan ɗin. Sannan abin da na haɗiye shekara ashirin ya fito.

"Lado, ka ci suna da maganata, ko na gode a rubuce ban samu ba. Yanzu kuma shaidar da ta rage, ni za ka sa in ƙone ta da hannuna?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. "Ashe dai akwai ranar da za ka faɗa ba da wasa ba," in ji shi. "Ka tuna abin da na rubuta a kan na takwas? Cewa na yi aminin na bakwai ne, mai riƙe da makullin sito. Kuskurena ne, ƙuruciyar bincike. Duk ranar da aka san na bakwai, an san na takwas."

Na takwas Salisu ne na Jajaye. Shi ya faɗi motar wa ke zuwa kwasar takin daga sito. Mai motar nan yana raye, sai ma ƙara girma da ya yi, kuma babban ɗan Salisu direbansa ne. Salisu ya makance yanzu, gidansa kaf da wannan tuƙin suke ci.

Lado ya rantse mini ya so ya sa sunana, har ya rubuta ya goge. Ban san ko na yarda ba, mai bene ba ya rasa bayani. Na tambaye shi me ya sa bai ba 'yarsa ba.

"Bahijja za ta ga rubutuna ta ji tausayi ta ajiye," ya ce. "Kai kuwa ba ka taɓa jin tausayina ba."

Na karɓi ambulan ɗin na sa a aljihu, ban yi masa alkawarin komai ba. Shi ma bai nema ba.

Ran Talatar da ta biyo baya, da hantsi, Lado ya cika. Ina cikin waɗanda suka karɓe shi a bakin kabari, kuma na yi mamakin rashin nauyinsa. Na yi kuka, ban taɓa zaton zan yi ba. Amma ambulan ɗin yana aljihuna. Duk rigar da na canza sai na mai da shi cikinta.

Washegari motocin jami'a suka cika layinmu. Bayan an yi addu'a, shugaban sashensu, wani Dakta mai tabarau, ya ce sun yanke shawarar sa sunan marigayi a babban ɗakin lacca, kuma za su rubuta maganar nan tasa a bango. Ya karanto ta da Hausa, bai ɓata ko kalma ɗaya ba. Ya ce burinsu su gano Mai Amsa na Bakwai, a rubuta sunansa a ƙarƙashinta, a kai shi Kano ranar bikin a karrama shi a gaban jama'a. Ko cikin dattawa akwai wanda ya sani?

Na dafa aljihun da ambulan ɗin yake. Na ga kaina a Kano da babbar riga, na ga Saude tana ba maƙwabta labari. A tabarmar da ke fuskantata Salisu ne zaune, ɗansa ya kawo shi gaisuwa a motar maigidansa, makullin ma yana hannun yaron yana kaɗawa. Salisu yana jan carbi tun zuwansa. Sai na ga yatsunsa sun tsaya.

Liti mai goro ya ce shi a ganinsa marigayi Sarkin Noma ne, don mutum ne mai azanci. Mutane suka gyaɗa kai. Sarkin Noma, wanda a rayuwarsa ban taɓa jin ya haɗa magana mai kai da gindi ba. Daktan ya juyo wurina.

"Baba, an ce tare kuka yi yawon binciken. Ko ka tuna?"

"An daɗe, ɗana," na ce. "Tsufa ya zo."

Ya rubuta sunan Sarkin Noma a wayarsa, ya ce za su ƙara bincikawa. Salisu ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa ina zaune ina ƙyashin matattu biyu, ɗaya za a sa sunansa a ƙofa, ɗaya a bango.

Kafin azahar na shiga gida. Saude na durƙushe a bakin murhu, ita ke yi wa gidan makoki tuwon rana, ruwan jiya kuwa ya jiƙa itacen. Sai hayaƙi yake yi, idanunta sun yi ja don hurawa. Na zauna a kan turmi na buɗe ambulan ɗin. Takarda biyu ce, da rubutun Lado mai kwanciya gefe. Na ɗauka zan ga wata 'yar kalma a gefen sunana, ko da alama ce da jan biro. Babu. Lamba, suna, gari, kwanan wata, kamar na kowa. A ƙarƙashina Salisu. Na karanta su duka arba'in da ɗaya, fiye da rabi sun riga mu gidan gaskiya.

"Malam, in ba ta da amfani miƙo mini," Saude ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Na murɗe takardun biyu na tura su ƙarƙashin itacen da kaina. Suka kama nan take, harshen wutar ya lashi ɓawon itacen, ya ja baya, ya sake lasa, sannan ya zauna. Saude ta share ido da gefen zaninta, ta gyara zaman tukunyar. Can ruwan ya fara motsi.