Rigar Tiyo

Ranar da matar Auta ta kawo ƙarar mijinta, Yaya tana shanya a tsakar gida. Sallama ɗaya, sai ga matar ta shigo rungume da wata baƙar jaka, Auta na biye da ita yana jan ƙafa kamar wanda aka kamo da kayan sata. Shekarunsa hamsin da biyu, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki, amma a wurin Yaya har gobe Auta ne, tunda ita ta goya shi.

"Yaya, ga ƙaninki nan," in ji matar. "Yau kwana shida bai sa injin ba."

"Injin nan so yake ya kashe ni," in ji Auta.

Auta direban babbar mota ne. Wata biyu da suka wuce barci ya sace shi a kan sitiyari da rana tsaka, motar ta gangara cikin gonar mutane, Allah ya tsare ba a taka kowa ba. A asibiti aka gano numfashinsa na ɗaukewa idan yana barci, shi ya sa kullum yake tashi a gajiye. Likita ta ba shi injin da ke hura iska ta cikin tiyo zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci. A jikin injin akwai ɗan kati mai rubuta awa nawa aka yi ana amfani da shi. Ta ce idan ta karanta katin ta ga yana kwana da injin, za ta sa hannu a takardar komawa aiki. Idan ba haka ba, kamfani ba zai sake ba shi makulli ba. Saura sati uku a karanta katin.

Ba don komai suka zo wurin Yaya ba sai don ta san injin nan kamar ɗan da ta haifa. Mijinta, Tela, ya yi shekara tara yana kwana da irinsa, kafin wani ciwo daban ya ɗauke shi wata bakwai da suka wuce. Tun daga ranar kayan suna cikin kwali a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Ko shara take yi, kewaye kwalin take.

"Zauna ka faɗa mini," ta ce da Auta.

"Satin farko haka nake sa shi babu ruwa. Hancina ya bushe kamar tsohuwar taya, maƙogwaro kamar na haɗiyi yashi. Na koma asibiti, suka ba ni tankin ruwa mai ɗumi, suka ce zai jiƙa iskar. To, ina cikin barcina sai na ji tiyo na ƙul-ƙul-ƙul kamar kwaɗo, kafin in farga ruwa ya hau mini hanci. Mafarki na yi na faɗa kogi da mota."

"Ya tashi yana ihu a miƙo masa igiya," in ji matarsa.

Yaya ta zuge jakar, ta zaro tankin. Ɗan akwatin roba ne da bai wuce tafin hannu biyu ba. Ta juya shi a hannu.

"Har ina kake zuba ruwan?"

"Har baki mana. Direban kirki ba ya kama hanya da rabin tanki."

"Zafin fa, a lamba nawa ka sa?"

"Biyar. Ita ce ta ƙarshe."

"Wato giya biyar ka sa wa hancinka, da ful tanki, a kan gangara."

Matar Auta ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Yaya ma ta ji dariyar ta taho mata, ta saki, ita kanta ta yi mamakin jin muryarta. Amma ta san Auta. Bayani da baki ba ya shiga kansa, sai ya ga abu ya taɓa. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta durƙusa gaban keken ɗinkin, ta jawo kwalin. Warin man keke da ƙamshin sabulun Tela suka taso mata tare. Ba ta tsaya ba. Ta ɗauki tankuna biyu da ke sama, ta bar abin da ke ƙasa a inda yake, ta fito.

Ta jera su a kan teburin falo, na Auta a gefe.

"Wannan," ta ɗaga ta farkon, "sunanta Marowaciya. Tela ne ya raɗa mata. Duba gindinta, roba ce zalla. Ruwan cikinta sanyi ƙalau yake kwana, iska ta bi ta kansa ta ɗan shafo laima kaɗan ta wuce. Lokacin zafi tana ɗan rufa asiri. Amma sanyi na shigowa, sai ya tashi da murya irin ta agwagwa, ya ce in ba shi almakashi in ji kamar kuka yake."

Ta ajiye, ta ɗauki ta biyun, ta ƙwanƙwasa ƙasanta da farce.

"Wannan kuwa 'Yar Gata. Ka ji ƙarfe? Wannan ƙarfen shi ke zama a kan wurin da injin ke ɗumamawa. Ruwan ya yi ɗumi, iskar ta kwaso laima sosai, ka tashi hanci lafiya lau. Irin taka ce. Sai dai 'Yar Gata ba a yi mata gaba gaɗi. Ka ga wannan jan layin?"

Auta ya sunkuyo. "Jan farce ne."

"Nawa ne. Layin da suka zana bai cika fitowa ba, idon Tela kuma ya fara rauni, sai ya saci kwalbata ya bi kai. Kwana uku ina neman kwalbar, ina zargin 'yar maƙwabta. Ruwa ba ya wuce nan. Ya wuce, tiyo zai sha, kai ma ka sha."

Ta nuna masa layin da ke jikin nasa tankin, wanda bai taɓa lura da shi ba. Matarsa ta fito da nata jan farcen daga jaka, aka bi kai.

"Ruwan kuma tatacce za ka riƙa sawa, na kantin magani. Na famfo yana barin wannan farin dattin da ka gani ya kama Marowaciya."

"Ai ruwan batir ke nan. Ina da jarka guda a gareji."

"Ka kusantar da abin gareji kusa da hancinka, ni da kai ne. Kuma kullum da safe a zubar da ragowar, a wanke, a kife ta bushe."

"To ki ba ni 'Yar Gatan mana, tunda ta saba aikin."

"Ta tsufa, robar bakinta ta saki, yoyo take. Taka sabuwa ce, direbanta ne kawai ba shi da hankali."

Bayan sun ci abincin rana ta ce a gwada a gabanta. Auta ya miƙe a doguwar kujera, ta sa injin a kan 'yar kujera ƙasa da kansa, ta mayar da zafin lamba biyu. Ya ɗaura takunkumin yana gunaguni wai an mai da shi jaki, ya ce a ƙure masa fanka. Minti biyar bai cika ba ya yi barci. Matan suka zauna suna linke kayan shanya. Can bayan rabin awa sai ga ƙara, ƙul, ƙul. Auta ya zabura ya fizge takunkumin.

"Kin ji ko? Kwaɗon ya dawo! Yaya, ku bar ni kawai. In sun hana ni mota sai in koma gadi."

Ya faɗe ta da wasa, amma bai kalli kowa ba. Yaya ta taɓa tiyon, ta ji shi sanyi kamar ƙarfen famfo. Iska mai ɗumi ce ke haɗuwa da sanyin fanka, tiyon ya yi gumi ta ciki, gumin ya taru ya gangaro.

"Kashe fankar za ka riƙa yi."

"Gara ki kashe ni."

"Gaskiyarsa ce," in ji matarsa. "Ba fanka, ba barci, ko da sanyi ne."

Yaya ta san maganin. Da gangan ta bar shi a ƙasan kwalin. Ta ɗan jima a zaune da zane a hannu, tana linke shi tana warwarewa, sannan ta tashi.

Riga ce Tela ya ɗinka wa tiyonsa, doguwa siririya, tsawon mutum, da soso a ciki da zif daga sama har ƙasa. Da ƙyallaye ya haɗa ta. Akwai yanki daga rigar da ta sa ranar da ya fara kai ta gidan hoto, akwai aljihun tsohon wandonsa, akwai labulen ɗakinsu na farko mai zanen jiragen ruwa. Duk wanda ya gan ta a igiyar shanya ya tambaya, sai Tela ya ce wandon wani dogon kwastoma ne mai ƙafa ɗaya. Yaya ta kara ta a fuska sau ɗaya, ta goge ido da bayan hannu, ta fito.

Auta na ganin rigar ya gane ta. "A'a, Yaya. Wannan ba zan karɓa ba."

"Wa ya ce kai na ba? Tiyo na ba. Kwanta."

Ta sa wa tiyon rigar, ta ja zif. Auta ya koma ya kwanta, fanka na ta kaɗawa. Rabin awa ta wuce, awa ta wuce, babu kwaɗo, babu minshari. Sai wannan ƙarar mai laushi, shuu, shuu, wadda gidan bai ji ba wata bakwai. Yaya ta zo wucewa da kayan da ta linke, ba ta san sa'ad da hannunta ya miƙa kusa da takunkumin ba, wurin 'yan ramukan da iska ke fita, kamar yadda ta yi shekara tara tana yi. Iskar ta taɓa mata tafin hannu, da ɗuminta. Ta tsaya a haka. Matar Auta ta gani, ta miƙe ta ce bari ta ɗora ruwan shayi, ta daɗe a kicin fiye da yadda shayi ke bukata.

Sai da rana ta yi sanyi Auta ya farka, ya tambaya ko an yi sallama da shi ne, don shi dai bai san inda yake ba.

Sati uku da kwana biyu bayan nan, Yaya na wanke-wanke ta ji wani hon da ya girgiza kwanukan kicin. Ta leƙa. Babbar mota ce ta toshe layin gaba ɗaya, mai kayan miya na ta masifa an tare masa hanya. Auta ya diro yana kaɗa takarda.

"Likita ta sa hannu! Ta ce katina ya fi na kowa kyau a watan nan. Har ta tambaye ni inda ake sayar da rigar."

"Me ka ce mata?"

"Na ce telan ya rufe shago." Ya sosa ƙeya. "Yaya, rigar fa, ko in sa a ɗinka mini wata in dawo miki da taki?"

"Bar ta a jikin tiyon, can ne wurinta. Amma wankinta nawa ne. Matarka murza kaya take kamar tana faɗa da su, za ta yage mini labule. Duk sati ka kawo da safe, ka karɓa kafin ka kwanta."

"In ina kan hanya fa?"

"Ranar da ka dawo. Kuma lamba biyu, Auta. Na ji ka sa giya biyar, sai na zo da kaina."

Ranar wankin farko ta shanya rigar a igiya, ta maƙale ta da abin maƙale kaya huɗu saboda tsawonta. Sabuwar maƙwabciyar da ta tare a watan nan ta leƙo ta katanga, ta daɗe tana kallo.

"Maƙwabciya, wannan kuma mene ne?"

Yaya ta matse bakin rigar da ke ɗiga, ta gyara yankin mai jiragen ruwa ya fuskanci rana.

"Wandon wani dogon kwastoma ne," ta ce. "Ƙafa ɗaya gare shi."